Noman itace don makamashi: wane irin tallafi ne ke aiki?

Tambaya

Assalamu alaikum. Malam, ni manomi ne a ƙasar Gumel. Ina da gonar gado kimanin eka 10 wadda gero ya daina yi mini abin kirki a cikinta. Ɗana da ke karatu a jami'a ya ce mini akwai ƙasashen Turai da gwamnati ke biyan manomi kuɗi ya dasa bishiyoyi masu saurin girma, a riƙa sarewa ana ƙonawa don samar da wuta, kamar dai yadda muke noma gyaɗa mu sayar. Da gaske ne? In da gaske ne, abin ya amfane su? Ganin yadda itace da gawayi suka yi tsada, ina tunanin in cika gonar da bishiyar turare, amma ina so in ji ko akwai irin taimakon da ya kamata mu nema a wurin hukuma kafin mu shiga.

Amsa

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, ɗanka gaskiya ya gaya maka, Allah Ya yi masa albarka. An yi wannan tsari, kuma ƙasar da ta fi kowa nisa a cikinsa a Turai ita ce Suwidin. Labarinta zan fi tsayawa a kai, domin amsar rabin tambayarka tana cikinsa.

Suwidin ƙasa ce mai tsananin sanyi, ba ta da man fetur nata. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, sai hankalin hukumomi ya koma kan abin da za su iya nomawa a gida su ƙona. Masana a jami'ar aikin gona ta ƙasar da ke Upsala suka duƙufa kan wata bishiya mai suna wilo, siririya mai son danshi, wadda in an sare ta sai kututturen ya sake toho da tsirrai masu yawa. Yadda ake nomanta zai ba ka sha'awa. Ba iri ake shukawa ba, reshe ake yankawa guntu-guntu, kowane guntu bai fi tsawon taƙi ɗaya ba, a soka a ƙasa layi-layi, fiye da guntu 10,000 a hekta ɗaya, wato eka biyu da rabi. Bayan shekara 3 zuwa 4 tsirran sun fi tsayin ɗaki. Sai a jira hunturu, lokacin da ganye ya zube kuma ƙasa ta daskare ta yadda za ta iya ɗaukar nauyin inji, a shigo da wata babbar mota mai yanka tana daddatsawa a lokaci guda, tana feso ɓarzajjen itacen cikin tirela. Ba a sake dashe. Kututturen nan shi zai ci gaba da ba da girbi har shekara 20 zuwa 25.

Wa ke saye? Yawancin garuruwan ƙasar suna da babbar tukunya guda da ke dafa ruwa a tura shi ta bututu zuwa gidaje don ɗumama ɗakuna, wasu kuma suna haɗawa da samar da lantarki. Waɗannan tashoshin su ne kasuwar.

A 1991 gwamnati ta yi abubuwa biyu a tare. Ta ɗora haraji a kan hayaƙin mai da kwal, kurona 250 (kurona ita ce kuɗin Suwidin) a kan kowane tan na hayaƙin, abin da ya sa ƙona itace ya fi araha ga tashoshin ɗumama gidaje. Sannan, da yake hatsi ya yi wa ƙasar yawa har gwamnati ta gaji da tallafa wa farashinsa, sai ta fito da shirin biyan manoma su janye wasu gonaki daga noman hatsi. Wanda ya zaɓi ya dasa wilo ana ba shi kurona 10,000 a kan kowace hekta, da ƙarin kuɗin shinge don kare dashen daga namun daji masu cin toho. Kuɗin ya kusa biyan duk abin da ake kashewa wajen dashen. Cikin shekara 5 zuwa 6 gonakin wilo suka kai kimanin hekta 15,000, ana ta hasashen za su ninka haka sau da yawa.

Ba su ninka ba. A 1995 Suwidin ta shiga Tarayyar Turai, dokokin noma na tarayyar suka hau kanta, noman hatsi ya sake zama mai tsoka. A 1997 tallafin dashe ya faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na yadda yake a da, sabon dashe ya koma 'yan ɗaruruwan hekta a shekara. An ɗaga shi zuwa kurona 5,000 a 1999, amma manoma sun riga sun ga cewa doka na iya juyawa a tsakiyar tafiya, alhali su sun ɗaure gonarsu na shekara 20. Daga baya da yawa suka tumɓuke kututturan suka koma hatsi, har filin ya ragu zuwa ƙasa da hekta 10,000.

Akwai wani abu da ya fi sauyin dokar muhimmanci a wurina, domin shi ne zai iya maimaituwa a ko'ina. Tallafin an ɗaura shi ne a kan dashe, ba a kan girbi ba. Mutum ya soka reshe a ƙasa, an zo an auna, an biya shi. To me zai sa ya ba da gonarsa mai kyau? Da yawa sun kai dashen can gefe, wurin da dama ba ya ba su komai. Ba su yi noman ciyawa a shekarar farko ba, alhali ita ce shekarar da ciyawa ke danne ƙaramin tsiro. Ba su sa taki ba. Nau'o'in farko kuma sanyi da ciwon tsatsar ganye sun dame su. A gonakin gwaji ana samun tan 10 ko fiye na busasshen itace a hekta kowace shekara, amma a gonakin manoma da yawa abin bai wuce tan 4 zuwa 5 ba. Ga shi kuma ƙasar cike take da dazuzzuka da masana'antun katako, rassa da ɓawo da ɗiɗɗigar zarto suna zuwa tashoshin a farashi mai sauƙi, har ana shigo da wasu daga waje. Harajin hayaƙi ya yi aikinsa sosai, domin tashoshin sun bar mai sun koma itace. Sai dai mafi yawan itacen da suka koma wa daga daji ya fito, ba daga gonar manomi ba.

Inda abin ya zauna da gindinsa shi ne inda gona ke kusa da tasha, kuma akwai yarjejeniyar saye. A garin Enkoping, alal misali, an dasa wilo kusa da tashar wutar garin, ana shayar da shi da ruwan ƙazantar gari da aka tace. Bishiyar na shanye sinadaran da za su gurɓata tafki, tashar na ƙona itacen. Kowa ya san abin da zai samu.

Ingila ta ɗanɗana nata ta wata fuskar. An gina wata tashar lantarki mai suna ARBRE a yankin Yokshaya wadda za ta yi aiki da wilo, manoma suka dasa fiye da hekta 1,000 bisa alkawarin za ta saya. A 2002 kamfanin ya durƙushe, tashar ba ta ma yi aikin kirki ba, aka bar manoma da itace ba mai saye. Gwamnatin ƙasar ta ci gaba da ba da tallafin dashe har 2013, amma manoma kaɗan ne suka karɓa. Wanda ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Yanzu mu dawo kanka. Ta fuska ɗaya ka fi manomin Suwidin sa'a, domin shi sai da gwamnati ta ƙirƙira masa kasuwa, kai kuwa kasuwarka tana nan ba wanda ya ƙirƙira ta: kowane gida mai murhu, masu gidan burodi, masu tsire da balangu, masu shayi, makarantun kwana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka yi tsada, gidaje da yawa da suka saba da gas sun koma gawayi. Ta wata fuskar kuma damuwarka irin tasa ce sak. Shi ɗiɗɗigar masana'anta ce ta karya masa farashi. Kai kuma wanda zai karya maka farashi shi ne mai shiga daji da gatari ya sare marke ko ƙirya da ta shekara 50 tana girma, bai dasa ba, bai yi ban ruwa ba, bai yi gadi ba. Kuɗin motar da zai ɗauko da ɗan abin da zai bayar a hanya su ne kawai jarinsa. Kai da ka yi renon bishiya shekara 6 za ka shiga kasuwa ɗaya da shi, a saya muku dami a kuɗi ɗaya. Muddin itacen daji kyauta ne, mai noman itace a bayansa zai riƙa tafiya, komai yawan irin dashen da aka raba masa.

Shi ya sa nake ganin abin da Nijar ta gwada ya cancanci mu dube shi da idon basira. A 1992 ta yi dokar kasuwannin itace na karkara. Ƙauye zai karɓi kula da dajin da ke kusa da shi, a ƙayyade masa yawan abin da zai sara a shekara, ya buɗe kasuwarsa, dillalai su zo su saya. Harajin da ake biya a kan itacen da ya fito daga irin wannan wuri ya fi sauƙi, wanda aka saro daga dajin da ba mai kula da shi kuwa harajinsa ya fi nauyi, kuma wani kaso na kuɗin yana zama a ƙauyen. Aiwatarwa ta sha tangarɗa, musamman wajen tsare hanyoyin shiga birane, amma tunanin daidai yake: a sa wa itacen ɓarna tsada don na kulawa ya samu wurin shiga.

Abu na biyu da Nijar ta nuna ya fi wannan girma, kuma kusan ba a kashe kuɗi a kansa ba. A shekarun 1970 da 1980 an zuba maƙudan kuɗin agaji a yankin Sahel wajen kafa gandun dashe da ƙananan gandayen ƙauye, yawancinsu suka lalace, domin ba wanda ya san ko na wane ne itacen in ya girma. A lokacin doka ta mayar da bishiyoyi masu daraja mallakar hukuma ko da a cikin gonarka suke, ma'aikacin gandun daji na iya cin ka tara don ka sare reshe. Manomi mai hankali sai ya kashe tsiro tun yana ƙarami don kada ya jawo masa fitina. Daga tsakiyar shekarun 1980, a yankin Maraɗi, manoma suka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a ƙone tohon kalgo da sabara da gawo lokacin sharar gona, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a sassabe sauran, a bar su su tashi. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne, abin ya bazu har ya kai kimanin hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram da kewaye. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta amince wa manomi haƙƙin bishiyoyin da ya raina ta wannan hanya. Ka kwatanta hekta miliyan 5 da aka samu da tabbacin haƙƙi da hekta 15,000 da aka samu da kuɗi a hannu.

Kada ka ɗauka ina cewa dashe ba ya yi a Afirka. A Mampu, gabas da Kinshasa a ƙasar Kongo, an dasa hekta 8,000 na wata bishiyar ƙirar bagaruwa tsakanin 1987 da 1993, daga baya aka raba wa iyalai, kowanne hekta 25. Kowace shekara iyali kan sare yanki ɗaya su yi gawayi, su shuka rogo da masara a wurin yayin da bishiyar ke sake tashi. Dubban tan na gawayi na fita daga nan zuwa birnin duk shekara. Amma ka lura da abin da ya haɗu a wurin: ruwan sama mai yawa, babban birni mai yunwar gawayi, fili da aka san mai shi, da abinci da ke fitowa daga gonar kafin itace ya isa sara.

To wane taimako ya kamata ku nema? Na farko, kuma shi zan sa a gaba da kuɗi, takarda. Ku nemi sashen gandun daji na ƙaramar hukuma da na jiha su yi rajistar dashen mutum, su ba shi shaidar cewa shi ya dasa, yana da ikon sarewa da ɗaukowa zuwa kasuwa ba tare da an tare shi a hanya kamar ɓarawon daji ba. Jihohi kan hana sare itace da yin gawayi don kare daji, niyyar kuma mai kyau ce, amma in dokar ba ta bambanta mai gona da mai ɓarna ba, to mai gonar ta fi cutarwa, domin shi ne ba ya iya ɓuya.

In kuma za a ba da kuɗi, ku roƙi kada a biya ranar dashe. A biya kaɗan a farko, sauran a biya bayan rani na farko da na biyu, bisa ƙidayar bishiyoyin da suka rayu. Duk wanda ya san bikin dashen bishiyoyi da ake yi kowace damina ya san abin da ke biyo baya: zuwa watan Maris sai ka tarar da ledojin reno a warwatse, gara ta cinye saiwa, awaki sun gwaiguye kan tsiron, kwandon ƙayar da aka kewaye shi da shi ya faɗi gefe. Wannan asara tana ci mini rai, domin kuɗin da aka kashe a ranar biki ɗaya zai isa a biya mai ban ruwa da mai gadi na rani guda. Hukumar babbar katangar bishiyoyi da Najeriya ta kafa a 2015, wadda Jigawa na cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu, wuri ne da ƙungiyar manoma za ta iya kai irin wannan bukata, haka ma ma'aikatar muhalli ta jiha.

Sai maganar mai saye. Gwamnati da kanta babbar mai ƙona itace ce, ta makarantun kwana da gidajen gyaran hali da asibitoci. Da za ta ce daga shekara kaza ba za ta sayi itace ba sai wanda ya fito daga gonar da aka yi wa rajista, ta ɗaure kanta da yarjejeniyar shekaru, wannan kaɗai ya fi rabon irin dashe miliyan. Kuma duk alkawarin da za a yi, a sa shi cikin dokar da majalisa ta zartar, ya zama ya wuce wa'adin gwamna ɗaya. Bishiya ba ta girma cikin shekara 4 a ƙasarku.

Game da gonarka kuwa, ban ba ka shawarar ka cika ta da turare ba. Turare na da kyau, yana miƙewa sambal, yana toho bayan sara, shi ya sa aka yi amfani da shi a katangun kare iska na Kano da Jigawa. Amma mai shan ruwa ne ƙwarai, saiwarsa na bazuwa ta kwashe danshi, gero ba ya yin kirki a kusa da shi. Saurin girman da ake ba da labari a wuraren da ruwan sama ya wadata ne ko inda ruwan ƙasa ke kusa. A jigawar Gumel, inda damina ba ta wuce wata 3 zuwa 4, zai rayu amma a hankali zai tafi, kuma gara na son sa yana ƙarami. Ga iyali da za su ci abinci a shekarun jira.

Da ni ne, eka ɗaya ko biyu zan ware a ɓangaren da ya fi danshi, in dasa turaren a nan da tazarar kamar taku 3 tsakanin kowace bishiya, da zarar ruwa ya zauna sosai, ba a ƙarshen damina ba. A shekara biyun farko zan shuka wake ko gyaɗa a tsakanin layukan, domin noman da zan yi musu shi ne noman bishiyar. Iyakar gonar ta gabas, inda iska ke bugowa, zan jera mata dalbejiya, wadda ta fi turare jure fari kuma ana yi mata aski ta sake fitowa. Sauran gonar kuma in bar gero a wurinsa, in daina ƙone tohon da ke fitowa da kansa. Gawo musamman kada ka taɓa shi, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, ƙasar gindinsa kuma ta fi ko'ina albarka. Gonar da ka ce ta gaji, wannan na cikin abin da zai farfaɗo da ita.

Ka kuma sani cewa kuɗin turare ba a itacen girki ya fi yawa ba. Miƙaƙƙen sanda na rufin ɗaki ko rumfa ko tokaren masu gini ya fi dami daraja nesa ba kusa ba. Ka sayar da gangar jikin a matsayin sanda, rassa da karkatattun su tafi murhu. Gawayi kuma ka yi lissafi kafin ka shiga, domin ramin gargajiya na cin kilo 5 zuwa 10 na itace kafin ya ba ka kilo ɗaya.

Kafin ka sayi ko leda ɗaya ta dashe, ka zagaya gidajen burodi na Gumel da masu sayar da sandunan gini, ka tambaye su nawa suke saye, daga ina ake kawo musu, kuma wane kauri suke so. Sannan ka je wurin mai unguwa da ofishin gandun daji a rubuta cewa wannan dashen naka ne, ka kuma yi magana da makiyayan da ke sauka a gonar bayan kaka tun kafin su iske tsirrai a hanyarsu. In kuna da yawa masu wannan niyya a ƙauyenku ku haɗu ku yi ƙungiya, domin mota ɗaya ba ta zuwa ɗaukar itacen eka ɗaya, kuma takardar mutum 30 ta fi ta mutum ɗaya saurin samun amsa a ma'aikata. Allah Ya ba da damina mai albarka.